Bidiyon da Na Tura wa Shu'aibu

Shu'aibu Sakatare ya ci amanata, kuma da wannan zan fara don kada wani ya zo bayan raina ya juya muku zancen. Na tura masa abu tsakanina da shi, na ce ya duba ya gaya min gaskiya. Ya duba, ya ce min madalla, sannan ya ɗauki abin ya watsa wa jama'a suka yi ta dariya. Abin da ya yi ke nan. Na san kun ji ana cewa hassada ce ta shiga tsakaninmu, wai don shi ya yi boko ya yi ritaya da fansho, ni kuwa har yau ina riƙe da guduma. Wasu kuma sun ce muku na sayar da mutuwar yayanku don in fito a talabijin. To ku zauna ku karanta. Rubutuna ba na 'yan makaranta ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, amma abin da ya same ni ba sai da digiri zan iya faɗarsa ba.

Ni kafinta ne, shagona na nan Unguwar Shanu inda kuka tashi kuka gan shi. Dirama kuwa ta ƙofar baya na shige ta. Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta ɗauko ni ne ina saurayi don in haɗa musu ƙofar ƙarya da tagar ƙarya a dandamali. Wata rana wanda zai fito a maigadi bai zo ba, aka kifa min wata yagaggiyar hula, aka miƙa min kulki, na buɗe baki mutane suka fashe da dariya. Shi ke nan, hular ta zauna. Kusan shekara talatin, daga dandamali har zuwa fim, in za a buɗe get ni ne, in za a mari wani ni ne, in za a faɗa kwata ni ne. Har a kasuwa an daina kirana Ɗanlami, sai Baba Maigadi. Shu'aibu kuwa ma'aikacin gwamnati ne, a Abakpa yake zaune, yana jin Turanci, shi ke rubuta mana wasiƙu, shi ya sa ake ce masa Sakatare. A kowane wasa shi ne Alhaji mai babbar riga, ni ne mai buɗe masa ƙofa. Duk da haka abokina ne. Yana cikin abokan ango ranar da aka kawo uwarku, kuma kwano ɗaya muka yi ta sa hannu.

Ban taɓa cewa kowa abin yana ci min rai ba, amma yana ci. Ranar da dangin mijin Rabi, yayarku, suka zo gaisuwar surukai, wata tsohuwa a cikinsu ta ƙura min ido, sannan ta tafa hannu.

“La! Ba wannan ne wanda ake mari ba?”

Aka yi dariya, ni ma na yi. Rabi ce kawai ta sunkuyar da kai. Tun ranar na ƙudura a raina, kafin in mutu ko sau ɗaya ne sai kun gan ni a allo ina tsaye kamar mutum.

Shekarar da na haura hamsin da biyu dama ta zo. Wani kamfanin fim zai yi shiri mai dogon zango, suna neman dattijon da zai fito a uba. Aka turo sanarwa a guruf ɗin ƙungiyarmu na waya. Yanzu ba a tara mutane a layi kamar da. Kai za ka ɗauki kanka a waya, minti biyu, ka tura musu, su zaɓa. Aka ba da kwana goma, aka turo takardar abin da za a yi. Uba ne a gidansa, ɗan aike ya shigo ya gaya masa babban ɗansa ya rasu a asibiti. A ƙasa an rubuta: ya ɗora hannu a ka, ya kira sunan yaron da ƙarfi, ya fashe da kuka. Na karanta da yatsa a hankali, yadda nake karatuna, na ce wannan ai ba wuya.

Na rataya farin zanin gado a ɗaki, na ba uwarku wayar da takardar, ita za ta karanta maganar ɗan aike. Sannan na yi dabarar da muka gada tun zamanin dandamali: na lakato man zafi na shafa a ƙasan ido. Kafin a ce me hawaye sun zubo shaa. Na ɗora hannu a ka, na kwarma ihu, na durƙushe, har na buga goshi da ƙasa. Da na tashi na tambayi uwarku yaya ta gani.

“Kai dai ka san sana'arka,” ta ce, ta miƙo min wayar ta koma wajen tukunyarta.

Ban gane me take nufi ba, ko kuma ban so in gane ba. Na tura wa Shu'aibu shi kaɗai. Na yi masa magana da murya, na ce: mutumina, kai ka yi karatu, ka san abin da 'yan zamani ke so, duba min don Allah, in akwai gyara ka faɗa kafin in tura. Ba a jima ba amsarsa ta shigo.

“Kai, Kafinta! Madalla, madalla! Wallahi ka gama da su. Babu gyara. Tura kawai.”

Allah ya taimake ni data ta ƙare min a ranar, ban tura wa kamfanin ba. Washegari da na sa wata, ina shago, waya ta kama ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na buɗe guruf, sai ga ni. Shu'aibu ya ɗora bidiyon, ya rubuta a ƙasa: “Ku zo ku ga Maigadi, an sace masa kulki.” Fuskokin dariyar nan masu hawaye sun cika wurin, jeri bayan jeri. Wani ya yanko wajen da na buga goshi ya sa masa kiɗan kalangu. Kafin la'asar abin ya fita daga guruf ya shiga gari. Rabi ta kira ni daga gidan mijinta, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Baba, wani abu nake gani a wayar ƙanwar mijina.”

“Na sani. Kashe wayar.”

Na kira Shu'aibu sau uku, bai ɗauka ba. Ya turo rubutu wai raha ce kawai, kada in ɗauka da zafi, ai ni ɗan barkwanci ne. Na ajiye wayar a aljihun tebur, na ce na bar fim har abada. Kwana uku ina saran katako kamar shi ya yi min laifi.

A rana ta huɗu Yaya Asabe ta kira. Ita ce babbar mace a ƙungiyarmu, ta girme ni da kusan shekara goma, muryarta ce uwa a wasannin rediyo tun muna samari. Mijinta ya rasu, tana Rigasa tana tuyar waina da safe. Bakinta kamar aska, kowa na tsoronsa. Ita kaɗai ce ba ta sa komai a guruf ba.

“Ɗanlami, gobe da hantsi ka zo Rigasa. Kada ka ce min aiki.”

Na je. Na same ta tana kwashe wainar ƙarshe daga tanda. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, ta nuna min tabarma, ta goge hannu da gefen zani, ta ciro waya ta kunna bidiyon a gabana. Na ce ta kashe. Ta ce sai na kalla, tunda ni na haife shi. Sau uku ta kunna, tana tsayarwa da babban yatsa.

“Duba nan. Ka tsaya taga na bayanka, fuskarka ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Haske a gabanka ake sa shi. Ji kuma, injin markaɗen wa ke kuka haka? Ya fi ka murya. Waɗannan ƙananan ne, ko makaho zai gyara. Yanzu duba wannan. Matarka ba ta gama cewa yaron ya rasu ba, kai ka riga ka fara kuka. Wa ya gaya maka? Ko kai ka kashe shi?”

Ta nuna idona a wayar da yatsa.

“Man zafi ne, ko?”

“Kowa na sawa, Yaya.”

“Kowa na sawa, kowa kuma na ganewa. Idon da man zafi ya shiga ƙiftawa yake yi. Idon da baƙin ciki ya shiga ƙafewa yake yi. Dubi naka, kamar na kazar da aka watsa wa ruwa.”

Raina ya ɓaci. Na ciro takardar daga aljihu na ɗora mata a cinya, na ce ta karanta, haka aka rubuta, ba ni na ƙirƙira ba. Ko kallonta ba ta yi ba.

“Wanda ya rubuta wannan bai taɓa binne kowa ba. Ɗan fari ne fa aka ce. Wane uba ka taɓa gani a garin nan ya kwarma sunan ɗan farinsa a gaban mutane? Yana raye ma kunya ba ta bar ka ka kira sunan ba, sai da ya mutu za ka yi shela da shi?” Ta sassauta murya. “Na zo maka gaisuwa ranar da naka ya rasu. Ka san abin da na same ka kana yi? Mutane sun cika ƙofar gida, ana cewa ya haƙuri, kai kana tsugune kana gyara ƙafar bencin da baƙi za su zauna. Ƙusa biyu a bakinka. Na shiga wajen mata, na fito, kana nan kana gyaran bencin da ba abin da ya same shi. Ranar na yi kuka har na isa gida, kai ko ɗigo ban gani ba. Wannan uban nake so in gani a waya.”

Na miƙe tsaye.

“Yaya Asabe, kada ki sa yaron nan cikin wannan harka.”

“Ba ni na sa shi ba, ƙanena. Yana ciki tun da ka karanta takardar. Kai ne ka shafa man zafi don kada ka gan shi.”

Na juya zan tafi ba sallama. Ta biyo ni har zaure da waina a leda, ta cusa min a hannu, ta ce in kai wa matata, kuma saura kwana huɗu a rufe karɓa, in na ga dama.

Ku ƙanana ba ku san yadda ranar ta kasance ba, don ban taɓa ba ku labari ba. Yayanku yana da shekara goma sha tara, babur ya kaɗe shi a hanyar dawowa daga wajen koyon aiki. Ina shago ina buga ƙusa a jikin wata ƙofa maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a kaina, ya ce sai haƙuri. Na ji shi sarai. Amma hannuna bai tsaya ba, sai da na ƙarasa buga ƙusar ta shige. Sannan na hau neman takalmina, alhali yana ƙafata. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, aka watse. Daga ranar, shekara takwas, ni da uwarku ba mu taɓa zama mun yi zancensa ba. In ya zama dole a ambace shi, sai ta ce “marigayi”, ni in ce “yaron nan”, mu wuce. Mun ɗauka haka haƙuri yake.

Daga Rigasa zuwa gida ina cikin adaidaita ina zagin Asabe a zuciyata. Kafin in sauka na san gaskiya ta faɗa. Abin da ya rage shi ne uwarku, don babu wanda zan yarda ya riƙe wayar sai ita, kuma ba zan yi abin a bayan idonta ba. Na ajiye mata wainar, na zauna a bakin ƙofar kicin, na gaya mata komai, har maganar benci. Tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta ɗago ba. Sai da ta tsince ta tas, ta zuba ruwa, sannan ta yi magana.

“Na farkon ban ji komai ba, shi ya sa na iya riƙe maka. Wannan sau ɗaya zan yi. In bai yi ba, kada ka ce in sake.”

Washegari da hantsi na je na roƙi mai markaɗen bayan gidanmu ya kashe injinsa na minti goma. Na fito tsakar gida, na fuskanci haske. Ban rataya zani ba, bangonmu ne kawai. Na ɗauko wata 'yar kujera da guduma na tsuguna. Uwarku ta tsaya ta riƙe wayar a kwance da hannu biyu. Na fara buga ƙusa. Ta bar ni na yi bugu uku ko huɗu, sannan ta ce:

“Malam, sai haƙuri. Yaron ya cika.”

Wallahi ban shirya abin da ya biyo baya ba. Hannuna ya ƙara bugu biyu da kansa. Na ajiye gudumar a hankali, kamar za ta fashe. Na duba ƙasa hagu da dama ina neman abin da ban sani ba. Sunan da aka rubuta a takarda ban kira shi ba, bakina ya ƙi. Abin da ya fito shi ne tambayar da na yi wa maƙwabcinmu shekara takwas da suka wuce.

“An gaya wa uwarsa?”

Ga uwarsa nan a gabana riƙe da waya. Na ga wayar ta fara rawa a hannunta, amma ba ta sauke ba. Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a ƙasan maƙoshi, na miƙe, na kakkaɓe gwiwar wandona, na tsaya. Ta danna ta kashe. Ta zauna a kan turmi, ta ɗora wayar a cinya, sannan ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda ko yana raye ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ta ce yana son ƙanzon shinkafa, har yau in ta kankare tukunya sai ta rasa wa za ta miƙa wa. A nan hawayena suka zo, bayan an kashe waya, babu wanda ya gani sai ita. Mai markaɗe ya tada injinsa, mu kuwa muna nan zaune muna ba juna labarin ɗanmu har aka kira azahar.

Kada ku ɗauka abin ya zo kyauta. Uwarku ta kwanta kwana biyu da ciwon kai, ba ta ɗora tukunya ba. Ta ce ba za ta kalli bidiyon ba, kuma har yau ba ta kalla ba. Ni ma na yi sati ina jin kamar an sassaƙe min ƙirji. In akwai wanda yake da hakkin ya ce na yi kuskure, ita ce, kuma ba ta ce ba. Abin da na sani shi ne tun daga ranar ana ambaton yayanku a gidan nan da sunansa, kuma ku shaida ne.

Kafin in tura wa kamfanin, Asabe na fara tura wa. Da saƙonta ya shigo, muryar a dashe take.

“Hannun matarka ya yi rawa, hoton na girgiza. Kada ka kuskura ka sake ɗauka. Rigar taka dai ba ta ga guga ba, amma kafinta ne, an yafe. Tura.”

Na tura. Bayan sati uku aka kira ni in zo a gan ni ido da ido. Daraktan bai fi sa'an Rabi ba. Ya tambaye ni me ya sa ban bi abin da aka rubuta ba. Na ce masa ɗan fari ne, kuma in yana da kaka ya je ya tambaye ta. Ya kalli na kusa da shi, ya ja layi a kan takardarsa. Suka ba ni. Ba ni ne jarumin shirin ba, kada in yi muku ƙarya, fitowa shida na yi. Amma a cikin shidan nan babu wanda ya mare ni, babu get ɗin da na buɗe. Ranar da aka haska na farko Rabi ta kira ni, ta kasa magana, sai surukarta ce ta karɓi wayar ta ce a gaida Malam Ɗanlami. Yanzu haka wani kamfanin ya turo min takarda, liman suke nema.

Ana nan sai ga Shu'aibu a shagona, wata Asabar da safe, cikin farar shadda, ƙamshin turare na tashi. Wata biyar ke nan ban sa shi a ido ba. Ya miƙo hannu tun daga bakin titi yana dariya.

“Kafinta! Ka ga abin da nake faɗa? Ai ni na san za ka yi. In ka duba ma, ni na fara tallata ka a garin nan!”

Na karɓi hannun, don musulmi ba ya ƙin musabaha. Na share masa ƙurar katako daga kan kujera na ce ya zauna. Ya zauna yana tattare shaddarsa. Ni ban zauna ba, na tsaya a gabansa yadda zai ga fuskata da kyau.

“Shu'aibu, saurara, don sau ɗaya zan faɗa. Dariyar da ka sa aka yi min ba ita ta fi ƙona ni ba. Shekara talatin ana min dariya, fatata ta saba. Madallar nan taka ce. Ka kalli abin, ka san bai yi ba, ka fi kowa sani, ka ce min in tura. So kake in je gaban baƙi in faɗi, in dawo in ci gaba da buɗe maka ƙofa. Tsohuwa mai waina ta zage ni tas a kan tabarmarta, ita ce ta yi min abota. Kai da muka ci a kwano ɗaya ka kasa ce min kalma uku: bai yi ba. Ban zo da gaba ba, mun tsufa da wannan, kuma ranar da ɗayanmu ya mutu ɗayan ne zai ɗauki makara. Jibi zan ɗauki wani bidiyon, na liman. Zan turo maka, kai kaɗai. In bai yi ba, ka hau motarka ka zo nan shagon, ka kalle ni kamar yadda nake kallonka, ka ce Ɗanlami, bai yi ba. In ka san ba za ka iya ba, gaya min yanzu tun kana zaune, in goge lambarka.”